Bitil ɗin Baba tana zafi, ga kai amarya Kubwa: za ta je ta dawo ta hau Hawan Kibo?

Ɗan Gangare

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Na daɗe ina leƙowa ina karatu ban taɓa cewa uffan ba, yau dai lalura ta sa na buɗe baki.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin makaranta ne a nan Jos. A 1978 ya sayi Volkswagen Beetle 1500, launin madara, sabuwa dal, irin waɗanda ake haɗawa a Legas. A cikinta aka kawo Mamanmu ranar da ta tare. Tun da ya rasu, yau shekara 9, tana ajiye a rumfar bayan gida an lulluɓe ta da tamfol. Tayoyi sun kwanta, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin kwana.

To autarmu za a aurar cikin watan Afrilu. A nan za a ɗaura, amma Kubwa za a kai ta. Ta same ni ta ce: "Yaya, duk jerin motocin da abokan ango za su kawo ba su dame ni ba, a motar Baba nake so a kai ni ɗakina." Mama na zaune ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba. Ni kuma da bakina na ce an gama. Kun ji inda na ɗaure kaina.

Na jawo motar na kai wa wani bakanike da ke mini aikin tawa motar. Yaron kirki ne, amma shi Golf da Vectra ya sani. Ya wanke tanki, ya wanke kafireta, muka sa sabon batir da filogi da tayoyi. Bugu uku ta tashi. Wallahi da na ji wannan ƙarar tata sai da idona ya cika, don da ita muke gane Baba ya dawo tun yana kwanar layi.

Matsalar ita ce zafi. Daga Gangare zuwa Taminus lafiya lau. Amma in na je Bukur na juyo, sai warin ƙonannen mai ya cika motar, ƙarfinta ya ragu, in na taka a ɗan tudu sai in ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. In na tsaya a danja fitilar mai ta riƙa ƙyafta ido. Kuma in na kashe makulli injin ba ya mutuwa nan take, sai ya yi ta tari yana girgiza kafin ya haƙura.

Na koma wa yaron. Ya leƙa ya ce ai dole ta yi zafi, mota ba lagireto kuma an lulluɓe injin da langa-langa ta ko'ina, ta ina zai sha iska? Ya kwance wasu daga cikin langa-langar, ya fizge wata tsohuwar roba da ta zagaye injin, ya tokare murfin baya da guntun katako ta ƙasa. Maimakon sauƙi sai abin ya ƙaru. Yanzu cewa yake in nemo injin Golf ya dasa mini da lagireto a huta.

Abin da nake so masana su taimaka mini da shi: shin haka wannan injin yake, zafi halinsa ne, ko ciwo ne da ke da magani? Wane baƙin mai ake zuba masa, lita nawa, bayan tafiyar kilomita nawa ake juyewa? Sannan babbar tambayar, in an gyara zan iya amincewa da shi ya kai mutum huɗu Abuja ta Akwanga da Keffi cikin zafin Afrilu, ya dawo ya hau Hawan Kibo? Ba na so amarya ta kwana a daji da lalle a hannu. Saura mako 7.

Sadik Kubwa

Yaya, ni dai gaskiya zan faɗa maka ko ba daɗi. Motar da ta girme ka za ka ɗora wa amarya a hanyar Akwanga? Ka ɗauko motar ɗaukar mota ta kawo ta Kubwa, a wanke ta a ɗaura mata balan-balan, amarya ta shiga daga bakin titi zuwa ƙofar gida, a yi hoto a sa a Instagram, shi ke nan kowa ya samu abin da yake so. Ka manta da cunkoson Mararaba da Nyanya? Motocin zamani ma masu ruwa da fanka biyu tafasa suke yi a wurin, balle wadda ko ruwan babu. In kuma ka nace sai ta taka da ƙafarta, shawarar bakanikenka ba ta da laifi. Injin Golf na ko'ina a Apo, kayansa kamar gyaɗa.

Baba Mai Bitil

Wa alaikumus salam. Jikana ne ke danna wayar, ina faɗa yana rubutawa, in kun ga kuskure shi za ku tuhuma.

Ɗana, Allah ya jiƙan Malam. Kafin komai, ka tashi yanzu ka je ka karɓo duk langa-langar da yaron nan ya kwance, har da ƙananan sukurorinta, tun bai sayar wa 'yan gwangwan ba. Wannan abin da ya raina shi ne lagireton motar.

Mutane in sun ji an ce injin iska, sai su ɗauka iskar hanya ce ke fifita shi kamar babur. Ina! Injin yana bayan mota, iskar hanya ba ta ko ganinsa. Ka ga wannan gidan ƙarfen da ke tsaye a kan injin kamar rabin faifai? Fanka ce a ciki, tana maƙale a bayan dinamo. Ita ke zuƙo iska ta tsagogin da ke ƙarƙashin gilashin baya, ta danna ta ƙasa da ƙarfi ta ratsa haƙarƙarin silinda huɗun nan, ta fice ta ƙarƙashin mota da zafinta. Langa-langar ita ke kora iskar inda ake so ta je. Ka taɓa ganin mai lambu ya fasa bakin kwalbatin ban-ruwa wai don ruwa ya sake? Fangalin farko zai sha ya ƙoshi, na ƙarshe ya bushe. Haka ya yi maka. Robar da ya fizge kuwa ita ce katanga tsakanin sama mai sanyi da ƙasa inda salansa take. Babu ita, fanka za ta riƙa zuƙo hucin da ta fitar yanzu ta sake hura wa injin. Katakon da ya tokara ta ƙasan murfi ma aikin da yake yi ke nan. Cire shi ka ba Hajiya ta hura wuta. Hatta 'yan robobin nan da ke kan wayoyin filogi, masu toshe ramin langa-langa, ba ado ba ne.

Amma tun kafin ya taɓa komai tana zafi, ko ba haka ka ce ba? To akwai abu biyu da nake zargi.

Na ɗaya ɓera. Motar da ta shekara 9 a rumfa kusa da kaji, ban yarda babu gidan ɓera a cikin gidan fanka ba. Ba a ganinsa daga waje. Sai an sauke inji an ɗaga gidan fankar. Kada sauke injin ya ba ka tsoro, noti huɗu ne kawai ke riƙe da shi a jikin giyabos, sai wayoyi da tiyon fetur da wayar totur. Muna samari ni da yara biyu kafin shayi ya huce mun ajiye shi a ƙasa.

Na biyu tafet, wato 'yar tazarar da ake bari tsakanin bawul da ƙarfen da ke danna shi. Nan ne ran wannan injin yake, kuma nan ne yaran yanzu ba su sani ba, don motocin da suka koya a kai su ke daidaita kansu. Tsaya a bayan motar ka fuskanci injin. Hannun dama, na ciki shi ne silinda lamba 1, na kusa da kai lamba 2. Hagu, na ciki lamba 3, na kusa da kai lamba 4. Wannan lamba 3 shi ne marayan gidan. A injinan da, abin sanyaya baƙin mai yana tsaye cikin gidan fanka ta ɓangaren hagu, iska sai ta bi ta jikinsa ta ɗumama kafin ta iso kan lamba 3. Kowa na shan ruwan randa shi yana shan na rana. Sai a 1971 Jamusawa suka fitar da abin ta baya suka yi masa ɗan ɗakinsa daban a injin 1600. Saboda haka bawul ɗin fitar hayaƙi na lamba 3 shi ke fara wahala. Zafi na cinsa yana miƙewa, tazarar tafet tana rufewa, ya daina zama daram a mazauninsa, kuma zaman nan da yake yi shi ne hutunsa, a nan yake sauke zafi. Ranar da ya gaji kansa ya guntule ya faɗa kan fistin, inji ya buga. Na sha buɗe inji in tarar da kan bawul a nitse cikin fistin kamar an dasa shi.

Maganinsa bai kai kuɗin shayi ba. A bar mota ta kwana ta yi sanyi ƙalau. Da safe a ɓalle wayar da ke riƙe murfin tafet da sukundireba, a juya fuli har alamarsa ta zo daidai tsagar tsakiyar inji, hancin rotar dilko, wato abin da ke raba wa filogi wuta, na kallon lamba 1. A zura filageji, siririn ƙarfen auna tazara, mai kaurin milimita 0.15, bawul na shiga da na fita duk ɗaya, ya wuce da ɗan ja kaɗan. Sai a juya fuli baya rabin zagaye a yi lamba 2, a ƙara rabi a yi 3, a ƙara a yi 4. A sa sabon gaskit a mayar da murfi. Bitil mai lafiya tana ɗan ƙas-ƙas kamar keken ɗinki. In bakanike ya ɗaure maka tafet ta yi tsit yana murna, ka gudu.

Baƙin mai lita 2 da rabi take sha, kada a ƙara. Ba ta da filta irin ta motocin yanzu, rariyar waya ce a ƙasan inji da ƙananan noti shida, ana kwancewa a wanke da fetur duk juyen mai. Ƙa'ida kilomita 5,000 a juye mai a duba tafet tare. Ni lokacin hunturu da ƙura ba na bari ta kai haka. Mai lamba 40 muke zubawa tun muna yara. Tukunyar tace iska da ke kan kafireta ita ma mai ne a gindinta, a zubar da taɓon a wanke a zuba sabo zuwa layin da aka yi.

Sai fambel. Ɗaya ne tak, shi ke juya dinamo shi ke juya fanka. Danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita 1 da rabi. Ba da jan dinamo baya ake ɗaure shi ba, wasa-wasai ne tsakanin faifan fulin sama, a rage ya ɗaure, a ƙara ya saki. Ka riƙe sabo a mota da sifana 21. In fitilar caji ta kama kana tafiya, kada ka ce bari in kai gari na gaba. Fanka ta tsaya ke nan. Taka birki a nan inda kake.

Hawan Kibo kuwa, mun hau shi da Kombi cike da buhunan dankali da mutane, injin kusan ɗaya ne. Sirrin kada ka ji tausayin giya. Gudun fanka na bin gudun inji. Wanda ya maƙale a giya 4 yana taka totur har ƙasa mota na nishi, shi ke dafa injinsa. Sauko giya 3 tun daga gindin tudu, in ta nemi 2 ka ba ta, ta yi ta ihunta.

Batun injin Golf, wanda ya ce maka haka ka tambaye shi a ina zai rataya lagireton, a goshin amarya?

Injiniya Apo

Baba, Allah ya ƙara girma, kun gama magana. Ni ɗan ƙari ne da lambobi, sai wuri ɗaya da zan nemi afuwa in saɓa muku. Ina da 1600 a nan Abuja, ita nake shiga ranar Asabar.

Malam Ɗan Gangare, kada batun kayan gyara ya tayar maka da hankali. Masana'antar Volkswagen ta Ojo a Legas ta fara aiki a 1975, shekarar da Peugeot ta fara a Kaduna, kuma da yawan sassan Bitil ɗinmu daga Barazil ake kawo su. Barazil ta ƙera tata ta ƙarshe a 1996, Meziko kuwa sai ranar 30 ga Yulin 2003 ta fitar da ta ƙarshe. Sama da miliyan 21 aka yi a duniya. Har gobe ana ƙera bawul da fistin da gaskit ɗinta sababbi, sai dai ka kula da jabu.

Injin naka cc 1,493 ne. Faɗin silinda milimita 83, tafiyar fistin milimita 69. Na 1300 da na 1600 duk tafiyar fistin ɗaya ce da naka, faɗin ne ya bambanta, 77 da 85.5. Shi ya sa dole ka tabbatar da abin da ke ciki kafin ka sayi ringi, don a shekara 40 da wani abu ana iya sauya silinda ba a sauya rubutun bayan mota ba. Ƙarfinsa wajen doki 44 ne a lissafin Jamus. Jos kuma ta haura mita 1,200 daga teku, iska ba ta da kauri, kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan ƙarfin ya tafi tun kafin ka tada mota. Da gangan aka yi shi ragon inji mai juyawa a hankali, shi ne dalilin tsawon ransa.

Ƙarar tsakuwa a gwangwani da ka ambata, da tarin da yake yi bayan an kashe, ba zafin iska kaɗai ba ne, ina zargin tayimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta. Mafi yawan makanikai da kunne suke sa shi, su murɗa dilko har inda injin ya fi zaƙi a tsaye, wanda kusan kullum ya yi gaba da yawa. Wutar na kamawa da wuri, tana dukan fistin tun yana hawowa. A fara da kwantak na cikin dilko, tazara milimita 0.4, domin in ta sauya tayimin ma ya sauya. Filogi 0.6 zuwa 0.7. Jerin wuta 1-4-3-2. Sannan a nemi fitilar tayimin, a taka inji zuwa juyi 3,000 a minti, kada ya wuce digiri 30 zuwa 32. Wani abin da ba kowa ya sani ba, wasu dilko na ainihi an yi su ne suna ɗan jinkirta wa lamba 3 wuta don a rage masa zafi. In aka juya wayoyin filogi aka fara lamba 1 daga wani rami daban, mota za ta tashi, amma rangwamen ya tafi ga wanda ba ya bukata.

Kuma kada a rage wa kafireta fetur a Jos don tsimi. Da ka gangara Akwanga iska ta yi kauri, abin da ya yi daidai a tudu zai zama ƙaranci a kwari, ƙarancin fetur kuma zafi yake haifarwa.

Inda na saɓa wa Baba shi ne mai lamba 40 zalla. Da asubar Jos cikin sanyi kamar zuma yake, yana jimawa kafin ya kai ga metal, wato shimfiɗar da karanshaf ke juyawa a kai. Ni 20W-50 nake zubawa. Abin da dai kada a yi shi ne zuba wannan maganin kauri don fitilar mai ta daina ƙyaftawa. Akwai wani ɗan fistin mai sifirin a cikin injin, in ya ji mai ya yi kauri sai ya ɗauka sanyi ne, ya karkatar da shi ya tsallake abin sanyayawar. Ka rufe bakin fitila ka ƙara wa inji zafi.

In an sauke injin, a kama fulin ƙasa a ja a tura. Wasan da aka yarda da shi 0.07 zuwa 0.13 ne, ido da ƙyar yake gani. In ka ji ƙwas-ƙwas, aikin ya wuce tafet. A kuma duba dogayen ƙusoshin da ke ɗaure tof silinda. Gangar injin da magniziyam aka yi ta, ba nauyi amma tana da taushi, in ta sha zafi da yawa zaren ƙusa kan zare.

Sadik, cunkoso ba ya damun wannan injin kamar yadda kake zato, muddin fanka na juyawa kuma silo, wato juyin inji a tsaye, bai yi ƙasa da yawa ba. Na sha tsayawa a Nyanya ina kallon masu lagireto sun ɗaga bonet.

Hajiya Maman Iklima

Ɗana, ni ban san tafet ba ban san dilko ba. Wuta na sani.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da irinta shuɗiya. Shekarar da na yi goyon Iklima mun taso daga Jos za mu Bauchi gaisuwa, mun wuce Tilden Fulani kaɗan, sai wata motar haya ta biyo mu tana ta haska fitila tana hon. Maigida har yana ɗaga hannu, ya ɗauka wani ɗalibinsa ne ke gaishe shi. Sai da direban ya jero da mu yana ihu "Wuta! Wuta!" sannan muka waiga. Injin yana baya, kai da ke gaba kai ne na ƙarshen sani. Ƙofa biyu ce kuma, yara uku a kujerar baya. Yadda na fizgo su ta kan kujera har yau ban san ta yaya ba, takalmina ɗaya a can ya ƙone.

Mutanen gari suka kawo ɗauki. Wani ya watsa bokitin ruwa, sai wutar ta yi wani farin haske tana tartsatsi kamar walda, kowa ya ja baya. Ƙasa aka yi ta zubawa har ta mutu, amma motar ba ta ƙara moruwa ba. Daga baya aka ce tiyon fetur ne ya tsufa ya tsage, yana ɗiga a kan inda wutar filogi ke fita.

Taka ta shekara 9 a ajiye. Ko tiyon ya yi kyau a ido, ka sauya shi duka daga tanki har kafireta, a ɗaure kowane baki da kilif. Ɗan bututun tagullar da tiyon ke shiga a jikin kafireta a jijjiga shi a gani, an ce shi ma yakan zare. Ka sayi tukunyar kashe gobara ka ajiye ta a gaba kusa da ƙafarka, ba a but ba.

Sannan batir yana ƙarƙashin kujerar baya. Ka tabbata da murfi a kansa. Kai amarya ne, na san gwaggonni za a zuba a bayan nan, kuma ba a zaɓo ramammu. In kujera ta lotsa wayoyinta suka taɓa kan batir, daga ƙarƙashinsu hayaƙi zai taso. Allah ya sanya alheri, ya kai ku lafiya.

Ɗan Gangare

Jama'a na gode, Allah ya saka. Yau kwana 16, ga abin da ya faru.

Baba, a daren da na karanta saƙonku na je garejin. Langa-langar tana nan, yaran shagon sun mayar da ɗaya faifan wanke noti. Guda ɗaya ƙarama ta ƙarƙashin silinda ce ta ɓata, na samo ta a Dilimi wurin wani dattijo da ya fito da ita daga ƙasan tarkace yana dariya, ya ce shekara da shekaru ba wanda ya tambaye shi.

Muka sauke injin, yaron yana ta mamakin noti huɗu. Da muka ɗaga gidan fanka ba wanda ya yi magana. A kan lamba 3 da 4 akwai ɓawon gyaɗa, gashin kaza, soson katifa, da yagaggen ɗankwalin Mama da ta yi ta nema har ta zargi mai wanki. Sun cika kwanon sha biyu. Abin sanyaya man kuwa ƙura da mai sun toshe shi kamar an yaɓe da laka. Muka wanke komai da kananzir da buroshi, muka sa sabuwar roba zagaye da injin. Fulin ƙasa ba ya wasa, Injiniya, ƙusoshin ma sun riƙe.

Tafet: na lamba 1 da 2 da 4 sun ɗan matse. Na fitar hayaƙin lamba 3 ko takarda ba ta shiga. Tayimin kuma da muka aro fitila muka duba ya kusa digiri 40. Hajiya, tiyon da na lanƙwasa shi a hannuna ya karye kamar taliya busasshiya. An sauya duka, tukunyar gobara na nan a gaba, batir ya samu murfi.

Cikin aljihun gaban motar na tsinci wani ɗan littafi da rubutun Baba. Kwanan wata, lambar kilomita, "mai da tafet", layi bayan layi tun 1978, ba tsallake. Ashe duk abin da kuka faɗa yana yi, mu dai muna ganin ya shiga ƙarƙashin mota ranar Asabar da tabarma.

Jiya na gwada ta. Bukur, Mararabar Jama'a, Riyom, na gangara Hawan Kibo har ƙasa na juyo na hau a giya 3. Babu tsakuwa a gwangwani, fitilar mai ba ta ƙyafta ba. A sama na tsaya na zare sandar auna mai, da zafi amma na iya riƙe ta. Na kashe makulli ta mutu nan take.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Da safen nan na sake auna tafet da kaina, don yanzu na iya. Bakwai suna nan a 0.15. Na fitar hayaƙin lamba 3 ya koma 0.05, kuma tafiyar duka ba ta kai kilomita 300 ba. In sake buɗe shi in ci gaba, ko yaya?

Baba Mai Bitil

Kada ka sake tada ta. Bawul ɗin nan sallama yake yi maka. Tazarar da ta rufe haka a kilomita 300, ko wuyansa na miƙewa ko mazauninsa na nitsewa cikin tof silinda. Zafin da ya sha a hanyar Bukur ba lulluɓi ya riga ya yi masa illa. In ka buɗe shi zai sake rufewa, kuma ba a Gangare zai guntule ba, sai kun wuce Keffi.

Ka sake sauke injin, yanzu ai kun san hanya. A cire tof silinda biyun. Bawul ɗin fitar hayaƙi huɗu duka a sauya, kada a ce ukun suna da kyau, shekarunsu ɗaya. A duba tsakanin ramin filogi da mazaunin bawul ko akwai tsaga. Wurin mayarwa a ɗaure notin da sifana mai awo, bi da bi, ba da ƙarfin dantse ba. Bayan nan ka yi kilomita 500 a cikin gari da kewaye, ka sake aunawa. In 0.15 ta tsaya, ɗauki amaryarka. Ku tashi da an sallame asuba, ku shiga Kubwa kafin rana ta take, mutum huɗu babu akwatuna, gudu kada ya wuce 90. Sadik ya biyo ku a baya da motarsa mai fanka biyu ya ɗauki kayan gara.

Injiniya, na ji batun manka, jikana ma ya goyi bayanka, a zuba naka ɗin.

Ɗana, jikana zai tura maka kwatancen gida ta saƙo. Ka kawo tof silindan ranar Asabar bayan la'asar in duba mazaunin da idona, har yanzu ina da sandar niƙa bawul ɗina. Ka taho da yaron nan bakaniken ya gani. Littafin Malam ma ka riƙo shi.